Ɗana mai galahanga ya ƙi tabarau: in ƙyale shi ko in sa masa kontak lens?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 5 da 'yan watanni, yana da larurar galahanga, maganarsa ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu. Likitan ido ya rubuta masa tabarau, dama +4.50, hagu +1.50, ya kuma ce idon daman yana ɗan karkatowa wajen hanci. Da zarar na sa masa sai ya fizge ya yi jifa da shi, wani lokacin har da kuka da buga kai. Ya riga ya karya guda 2. Yawancin yini yana sanye da abin rage ƙara a kunnuwansa. Babansa ya ce a ƙyale shi sai ya yi wayo, ƙanwata kuma ta ce a sa masa kontak lens tunda shi ba zai iya cirewa ba. Na rasa yadda zan yi.

Daga wata uwa.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki shi, ya ba ki ladan ɗawainiya. Shawarwarin nan biyu da kyakkyawar niyya aka ba ki su, amma ba ma goyon bayan ko ɗaya. Jira na iya cinye ganin idon dama, kontak kuma, wato ɗan siririn gilashin da ake ɗorawa kai tsaye a kan ƙwayar ido, ga yaron da ba ya iya cewa "idona na ciwo" ganganci ne. Tilastawa ma ba ta kai ko'ina. Yaron da bakinsa bai buɗe sosai ba, da hannu yake kai ƙara. Jifan da yake yi da tabarau na nufin akwai inda abin ke damunsa, ko a fata, ko a gani, ko a yadda ake sa masa, kuma sai an gano wurin kafin a fara maganar koya masa.

Bari mu fara da lambobin da kika kawo, domin su ne dalilin da ba za a jira ba. Alamar + na nufin sai idon ya matse wata 'yar tsoka da ke cikinsa kafin ya ga abu garau, musamman na kusa. Idanu biyu kuwa tare suke matse tsokar nan, daidai wa daida, ɗaya ba ya yin nasa daban. Sai ƙwaƙwalwa ta zaɓi mai sauƙi: ta matsa gwargwadon 1.50 ɗin da hagu ke buƙata, hagu ya ga garau, dama ya rage da giɓin 3.00, kullum cikin dishi-dishi. Idan aka daɗe a haka ƙwaƙwalwa takan yi watsi da idon, hanyar da ke tsakaninsu ta ƙi yin ƙwari. Wannan shi likitoci ke kira ambiliyopiya. Gyaransa ya fi sauƙi da sauri kafin shekara 7 zuwa 8. Bayan nan ana iya samun ci gaba, amma kaɗan kuma da wahala, kuma tabarau da aka fara sawa da girma ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ba ta koya tun farko ba. Karkacewar ma mai yiwuwa daga nan take, domin duk lokacin da ido ya matse tsokar gani, idanu na jawowa ciki. Shi ya sa sau da yawa tabarau mai + shi kaɗai ke miƙe irin wannan ido. Idan babansa zai raka ku asibiti, ku roƙi a riƙa masa gilashin gwaji na +3.00 a gaban ido ɗaya, ya rufe ɗayan, ya dubi nesa. In dai nasa idon lafiya yake, abin da zai gani kusan shi idon daman ɗansa ke gani kullum.

Lambobin nan kuma sun wanke yaron daga zargin taurin kai. Yaron da ba ya hangen nesa, da an sa masa tabarau duniya take washe masa nan take, har shi ke neman abinsa. Naki ba haka ba ne. Da idon hagu yana ganin komai, bai san yana da wata matsala ba. A kwanakin farko ma tabarau na iya ƙara masa dishi-dishi idan ya dubi nesa, saboda tsokar da ta saba zama a matse ba ta saki lokaci guda, sai ƙarfinta ya haɗu da na gilashin ya yi yawa. A wajensa an ɗora masa abin da ke taɓa hanci da kunne, ya sauya masa girman abubuwa, bai kuma ga ribar komai ba. Ga mai galahanga, wanda taɓawar da wani ba zai ko lura da ita ba kan zame masa azaba, wannan kaɗai ya isa dalili.

Ki fara bincike daga firam, wato jikin tabarau da ke riƙe gilasan, don a nan aka fi samun matsalar, nan ne kuma ya fi sauƙin gyara. Ko minti 2 ya yarda ya zauna da tabarau, da kin cire ki duba fuskarsa a haske: gefen karan hanci, gefen kai tsakanin ido da kunne, saman kunne da bayansa. Jan shati ko lotsawar da ba ta ɓace cikin 'yan mintuna ba, matsi ne. Ki juya tabarau ki duba cikin gilashin. Idan kin ga 'yan siraran layukan maiƙo a tsaye wajen tsakiya, gashin idonsa ne ke shafar gilashin duk ƙiftawa, abin da babba ma ba ya iya jurewa. Ki sa shi dariya ki ga ko kumatunsa na ɗaga firam ɗin. Ki bi gefunan da yatsa ko akwai kaifin roba da ba a goge ba, ki kuma duba mahaɗar da hannun tabarau ke naɗewa, don tana kama gashi ta tsinke.

Karan hancin yaro ɗan shekara 5 bai gama tashi ba. Firam ɗin da aka yi da siffar na manya aka rage masa girma kawai, zamewa yake yi, yaron ya koma leƙe ta samansa, an sha wahala ba a ci riba ba. A nemi wanda gadar hancinsa ke da faɗi, tana ƙasa-ƙasa, ta kwanta a kan hancin gaba ɗaya. A guji mai 'yan matasan hanci da ke kan siraran ƙarafa: suna tara nauyin duka a ɗigo biyu, suna lanƙwashewa da faɗuwa ɗaya, kuma ga yaron da ke buga kai suna iya yi masa rauni kusa da ido. Irin firam ɗin roba mai laushi da ake zubawa guda ɗaya, babu noti babu ƙarfe, shi ya fi dacewa da halin da kuke ciki, ana jifa da shi ana murɗawa ba ya karyewa. Ƙarfe kuma yana da sanyi a fata da safe, kuma mai nikel a ciki na sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje daidai inda ya taɓa.

A cikin hannun tabarau za ki ga lambobi 3, misali 44 da 16 da 125. Na farko faɗin gilashi ɗaya ne, na biyu tazarar gadar hanci, na uku tsawon hannun, duk a milimita. Ki rubuta na waɗanda suka karye ki tafi da su, tare da bayanin inda kowanne ya bar shati. Baƙin idonsa ya kamata ya faɗo kusa da tsakiyar kowane gilashi, saboda haka kada a sayi babba wai ya girma a ciki. Hannun ya tafi baya a miƙe ba tare da ya datse gefen kai ba, lanƙwasarsa ta fara daidai saman kunne. In ta fara kafin nan za ta ciji kunnen, in ta wuce tabarau zai riƙa sulɓewa.

Abin rage ƙarar da kika ambata a taƙaice, shi muka fi zargi. Katifarsa na danna hannun tabarau a jikin ƙashin kai, gaban kunne da bayansa, kuma cikin mintuna kaɗan wurin ke fara zafi. Ba nan kaɗai ba, hannun tabarau na ɗaga katifar ya bar kafa, ƙarar da yake gudu ta samu hanyar shiga. Ke nan duk sanda aka sa masa tabarau, abin da yake kāre kansa da shi ya daina aiki. A nemi firam mai siraran hannuwa shafaffu, ko irin wanda ake cire hannuwan a maye su da maɗaurin yadi mai zagaya ƙeya. Ana kuma samun katifu masu taushi da ke rungumar hannun tabarau. Ranar zuwa gwada firam ki tafi da abin kunnen a gwada su tare, in ba haka ba gwajin bai cika ba.

Maganar maɗauri sai kin gwada, domin yaran sun bambanta. Da yawansu taɓawa mai sauƙi mai motsi, irin ta firam da ke rawa a fuska, ta fi yi musu wuya a kan matsi mai ɗan ƙarfi da ke zaune wuri ɗaya. In yana son hula mai kama kai ko runguma mai ƙarfi, da alama maɗauri zai yi masa daɗi. In ba ya yarda a taɓa masa ƙeya ko gashi, a bar shi. Idan an ɗaura, yatsanki ɗaya ya iya shiga ƙarƙashinsa. Sannan ki ware firam 2 da kin riga kin tabbatar sun yi masa daidai, ki bar shi ya zaɓi launi. Kada a jere masa 20.

Bayan firam sai gilashin kansa. Kowane gilashi yana da cibiyar gani, kuma dole ta zauna daidai gaban tsakiyar baƙin ido. In ta kauce, gilashin na jan hoton gefe, idanu su shiga kokawar haɗa hotuna biyu. Lissafin shi ne ƙarfin gilashi sau kaucewar a santimita: gilashin +4.50 da ya kauce da milimita 4 yana jan hoto da firizim 1.8, firizim kuwa shi ne ma'aunin yadda gilashi ke karkatar da hoto gefe. Ga ɗanki akwai ƙari. Tunda tazarar ƙarfin gilasansa 3.00 ce, idan ya kalli abu ta santimita 1 nesa da cibiya, sama ko ƙasa, hoton dama da na hagu na rabuwa a tsaye da firizim 3, kuma rabuwar tsaye ita ido ya fi kasa jurewa. Abin da ke biyo baya ciwon kai ne da jiri da gani biyu-biyu, shi kuma ba shi da kalmar faɗa miki. Don haka zamewar firam ba ƙaramin abu ba ce a wajensa. Auna tazarar idanun yaron da ba ya son haɗa ido da mutane kuwa abu ne mai sauƙin kuskure. A sake awon yana sanye da firam ɗin, a riƙe masa abin da yake so ya kalla, a ɗiga alama a kan gilashin. Ki kuma roƙi a ɗora tabarau da aka gama a na'urar awon gilashi a tabbatar da ƙarfi da cibiya, da cewa ba a musanya dama da hagu ba. Musayar nan na faruwa musamman idan gilasai sun fita bayan jifa wani ya mayar da su a gida.

Gilashi mai + kaurinsa a tsakiya yake, kuma iya girman firam iya kauri da nauyi. Na dama zai fi nauyi, ya riƙa rinjayar firam ɗin gefe guda. Ƙaramin firam mai ɗan zagaye da gilashi shafaffe, wanda ake kira asferik, na rage wannan. Kada a yi masa da gilashin kwalba ko kaɗan. Polikabonet da Trivex, wasu nau'o'in roba da ake yin gilashin tabarau da su, su ne masu jure duka. Polikabonet na iya nuna ɗan launi-launi a gefen abubuwa idan an kalla ta gefen gilashi, Trivex bai kai shi yin haka ba, kuma ya ɗan fi shi rashin nauyi. Shafin hana ƙyalli na rage walƙiyar fitilu a cikin gilashi, abin da ke damun masu galahanga da yawa, sai dai yana fito da shatin yatsa fili. Tabo ɗaya na maiƙo ya isa ya sa wani yaron ya ƙi tabarau yini guda. A wanke da safe da rana: a fara ɗauraye ƙura da ruwa mai ɗan ɗumi, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan, a ɗauraye, a goge da ƙyallen tabarau mai laushi. Ruwan zafi da barin tabarau a mota cikin rana na tsattsaga shafin.

Ba ki faɗa mana ko an ɗiga masa magani kafin awo ba. Awon yaro mai + da karkacewa ba ya inganta sai an ɗiga maganin da ke sakar da tsokar gani, yawanci saikulofentolet, a jira minti 30 zuwa 40, sannan likita ya haska ido ya karanta ƙarfin daga yadda hasken ke dawowa. Wannan awo ba ya buƙatar yaro ya yi magana ko ya san harafi. In an yi shi yana ta fizge-fizge, ba laifi ki nemi a sake. Ki nemi layin farko da safe kafin hayaniya, ki nuna masa hotunan wurin da kujerar tun a gida, ki roƙi a riƙa faɗa masa kafin a kashe fitila ko a taɓa shi. Maganin na da raɗaɗi na 'yan sakanni. Hanya mafi sauƙi ita ce ya kwanta rigingine idonsa a rufe, a ɗiga a kusurwar ido ta wajen hanci, da ya buɗe sai ya gangara ciki. Bayan nan zai yi awoyi, wani lokacin har washegari, yana gani dishi-dishi haske na damunsa, don haka ki tafi da hula mai baki. In yana da farfaɗiya ko yana shan wani magani, a faɗa wa likita kafin a ɗiga. Ki kuma tambaye shi game da ɗiga atirofin na 'yan kwanaki a farkon sabo. Wasu likitoci na yin haka ga yaran da suka ƙi tabarau mai +: maganin na sakar da tsokar, sai ya zama ba ya gani garau sai da tabarau, a karon farko ya ga amfaninsa. Hukuncin likita ne wannan, haka ma rage ƙarfin gilashi, wanda ba kasafai ake yi ba idan akwai karkacewa.

Sai an gyara duk waɗannan za a shiga koyarwa, kuma tunda ya riga ya tsani tabarau, daga ƙasa za a faro. Kwana 2 ko 3 na farko a ajiye shi inda yake gani, ya taɓa, ya sa wa abin wasansa ko ya sa miki, ba wanda ya nufi fuskarsa da shi. Daga nan firam marar gilashi, domin a raba sabon da fata za ta yi da wanda ido zai yi. Ki tsaya a gabansa ya ga abin na zuwa, kada ki zo ta baya. Ki yi amfani da kalma ɗaya kullum, "tabarau", ki sa, ki ƙirga 3 a bayyane, ki ce "an gama", ki cire da kanki, ki ba shi abin da yake so nan take. Jigon aikin ke nan: ke za ki riga shi cirewa. In ya saba fizgewa a sakan 5, ki cire a 3. Haka zai koyi cewa abin na da ƙarshe, kuma ba sai ya yi faɗa zai ƙare ba. A yi haka sau 5 ko 6 a yini, gajeru. In ya yi sau 3 a jere lafiya sai a ƙara: sakan 5, 10, 30, minti 1, minti 3. In ya fizge, an yi sauri ne, a koma matakin baya. Idan ya kai minti 5 zuwa 10 da firam, a kawo mai gilashi, a sake faro ƙirga daga sakanni.

A haɗa sa tabarau da abin da ya fi so na kusa da ido, zane ne ko jera ƙananan kayan wasa ko bidiyon da ya saba kallo, domin a kusa ne gilashi mai + ke sauƙaƙa wa ido. Yana zaune za a fara. Gilashin na ƙara girman abubuwa ya sauya nisan ƙasa, saboda haka matakala da gudu su jira sai ya saba. Kada a gwada lokacin da yake jin yunwa ko barci ko ya dawo daga hayaniya. Agogon da ake ganin lokaci na raguwa a jikinsa na taimakawa ƙwarai idan an kai mintuna. Ki kuma ba shi halastacciyar hanyar cewa "ya ishe ni": ya miƙo miki tabarau, ko ya sa shi a gidan ajiyar tabarau, ko ya nuna katin hutu. Duk sanda ya yi haka ki karɓa nan take, ko da lokaci bai cika ba, a sake gwadawa an jima. Yaron da ya san miƙawa na aiki ba ya buƙatar jifa. In ya jefa, ki ɗauka shiru, ba faɗa ba dogon lallashi. Kada a riƙe masa hannuwa, kada a sa masa yana barci ya farka ya tarar, don duka biyun na rusa yardar da ake ginawa. Sannu ba ta hana zuwa: wani yaron mako 2 ya ishe shi, wani sai wata 2 ko fiye. Malamansa da duk mai kula da shi su bi kalmomi da tsari iri ɗaya da naki, kuma idan an dace da firam a yi guda 2 iri ɗaya, launi ɗaya, domin ranar da ɗaya ya ɓata kada a koma farko da baƙon abu.

Buga kan da kika ambata kada ya tsaya tsakaninki da mu. Da ya fara, a cire tabarau a dakatar da zaman. Ki faɗa wa likitan ido, domin yawan dukan kai ko ido na iya ɓamɓare tantanin gani na bayan ido ko ya jawo yana, yawan murza ido da ƙarfi kuma na da alaƙa da sirancewar tantanin gaban ido. Haka in yana yawan kallon abu ta wutsiyar ido ko yana karkata kai: sau da yawa ɗabi'ar galahanga ce, amma tsokar ido ma na sa haka, sai an duba.

Za ki haɗu da masu tallar gilasai masu launi ko masu firizim da sunan maganin galahanga ko gyaran ɗabi'a. Babu ƙwaƙƙwarar hujja a kan haka. Ɗan launi mai sauƙi na iya sassauta wa wanda hasken fitila ke damu, wannan magana ce daban kuma ana iya gwadawa. Baƙin tabarau a cikin ɗaki kuwa kullum, ƙara wa ido tsoron haske yake yi.

Yanzu kontak. Shekaru ba su ne shamaki ba, jarirai ma ana sa musu bayan aikin yanar ido, kuma idan tazarar ƙarfin idanu biyu ta yi yawa ƙwarai likita na iya fifita shi. Amma hujjar ƙanwarki, cewa ba zai iya cirewa ba, ita ce ainihin haɗarin. Kontak na buƙatar a buɗe idon yaro a taɓa shi safe da yamma, kullum. Yana buƙatar wanda ba ya murza ido, wanda kuma zai yi magana da zarar ya ji wani abu. Gyambon tantanin gaban ido na iya yin muni cikin kwana 1 ko 2 ya bar hakiya ta dindindin, kuma masu galahanga da yawa ba sa jin ciwo ko bayyana shi yadda ake zato. In likita da kansa ya ga ba makawa, zai koya miki sawa da cirewa ya kuma riƙa dubawa a kai a kai. Ba a fara shi don gudun rigimar tabarau.

Ga matashi ko babba mai galahanga lissafin na iya juyawa, kuma wata rana ɗanki na iya kaiwa nan. Wasu kontak ya fi musu: ba nauyi a hanci, ba bakin firam a gefen gani, ba rikici da abin kunne. Wasu kuma ba sa daina jin gefensa a ƙarƙashin fatar ido, ko bushewar yamma ta ishe su, musamman masu daɗewa a gaban kwamfuta, inda ƙiftawa ke raguwa, da masu shan magungunan da ke busar da ido. Wanda zai gwada ya fara da mai taushi na yini ɗaya da ake yarwa da dare, don babu wanki babu ajiya babu abin mantawa. Kafin ranar gwaji ya yi kwanaki yana koyon riƙe fatar ido da taɓa farin idon da tsabtataccen yatsa. Ya fara da awa 2 zuwa 4 yana ƙarawa, tabarau na kusa. In ya ji kaifi ya duba ko a juye yake: a kan yatsa daidaitaccen kamar ɗan kwano yake, juyayyen kuma bakinsa na bajewa waje. Ba ya iya zarcewa bayan ido, akwai tantanin da ya rufe hanyar, a faɗa wa mai fargaba wannan tun farko. Ruwa kada ya taɓa shi, na famfo ko na wanka ko na iyo, saboda ƙwayar akantamiba mai wuyar magani. Ba a barci da shi: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce hakan na ninka haɗarin kamuwar ido sau 6 zuwa 8. Mai amfani da na wata-wata ya zubar da tsohon ruwan ajiya kullum kada ya ƙara sabo a kai, ya sauya gidan ajiyar duk wata 3. Wanda kuma ya san ba ya saurin jin ciwo ya dogara da madubi: ja, kwantsa, hawaye, gudun haske ko dishi-dishi, a cire a ga likita a ranar.

Ki sa ran cewa idan ɗanki ya fara zama da tabarau yawancin yini, likita zai ba shi kamar wata 3 zuwa 4 kafin ya yanke mataki na gaba, domin tabarau kaɗai na ɗaga ganin raunanan idanu da yawa a wannan tsakani. In giɓi ya rage za a yi maganar rufe idon hagu na wasu awoyi a yini don a tilasta wa dama aiki. Tun yanzu ki faɗa masa yadda fatar yaron take da abin mannawa. Akwai madadin filasta: murfin yadi da ake zura wa tabarau, ko 'yar leda mai dusashe gani da ake manna wa gilashin hagu, ko ɗigon atirofin a idon hagu, wanda a matsakaicin rauni ko kwana 2 a mako yana aiki. Atirofin na buɗe baƙin ido ya sa haske ya dame shi, a ajiye shi inda hannun yara ba ya kai, kuma in kin ga zazzaɓi ko jan fuska ko rikicewa bayan ɗigawa ki dakata ki kira likita. Ranar komawa asibiti ki tafi da takardar da kike rubuta mintunan da yake yi da tabarau kowace rana, ko da kaɗan ne, domin da ita za a san ko idon ne bai amsa ba ko kuwa lokacin sawar ne bai kai ba.